Takalmin Direba

"Ƙara mini huji ɗaya kawai," in ji Direba, ya turo sandal ɗinsa ta ƙarƙashin benci kamar kayan sata.

Baduku ya juya takalmin. Maɗaurin duk huji ne, kuma duk aikinsa ne. Ya saci kallon ƙafar maƙwabcin nasa: ta yi suntum tana sheƙi, shatin maɗaurin ya nutse a ciki ya ƙi tasowa.

"Mutumina, wannan fa ba ƙiba ba ce."

"Ƙiba a ina, mutumin da aka hana gishiri? Miyar gidana ko akuya ta sansana sai ta ba ni haƙuri."

Duk layin an san ciwon. Likita ya ce garkuwar jikinsa ce ta koma tana yaƙar ƙodarsa, sai dai a yi ta lallaɓawa: ƙwayar hawan jini, ƙwayar fitar da ruwa, ban da gishiri, ban da maganin ciwon jiki na kemis. In kumburi ya ƙaru kuwa, a kawo shi asibiti a ranar. Matarsa ba ta da sikeli, sai ta mai da takalmin ma'auni. Kullum da safe ita ke durƙusawa ta ɗaura masa. In ya ɗauru, ta bar shi ya fita aiki.

"In suka kwantar da ni, mai motar ba zai jira ni ba," in ji Direba, ya sassauta murya. "Ka rufa mini asiri."

Baduku mutum ne mai jin nauyin maƙwabci har abin ya yi yawa. Wurin huji ya ƙare, sai ya ƙara 'yar fata, ya yi ɗinkin ta ciki, ya shafe da baƙi. Aikin ya yi kyau, kuma kyan ne ya ba shi tsoro.

Da yammacin washegari matar Direba ta tsaya a bakin rumfarsa da kwandon cefane, fuskarta a sake.

"Malam, baban yara ya fara samun sauƙi. Yau har takalmin ya yi masa sako-sako."

Baduku ya sunkuya kan ɗinkin da ke hannunsa. "Allah ya ƙara sauƙi," ya ce. Tana wucewa ya ƙudurta gobe zai gaya mata, ko da Direba zai daina gaishe shi.

Washegari motar ba ta fita aiki ba. Baduku na buɗe rumfa aka fito da Direba a rirriƙe, numfashinsa na gurnani, ƙafafunsa ba takalmi. Ruwan ya kai huhu. Bai dawo gida da rai ba.

Bayan an daina zuwa gaisuwa, matar ta kawo sandal ɗin a leda.

"Ka ba wanda zai yi wa daidai."

Tana fito da shi maɗaurin ya juye. Yatsarta ta sauka kan ɗinkin, ta bi shi a hankali har ƙarshe, ta dawo.

"Hannunka da kyau, Malam," ta ce.

Ta ajiye takalmin kan benci, ƙafa kusa da ƙafa, bakinsu na kallon ƙofar gidanta, yadda ta saba jera wa mijinta su da safe.