Muryar Efo Mawuli

Karo na tara ke nan Selorm yana danna maɓallin, kwamfutar na ba shi amsa ɗaya: ba don irin ƙwaƙwalwarta aka haɗa wannan manhaja ba.

Shi da kansa ya kwashe tsofaffin kwamfutocin laburaren makafi na garin Ho, ya kawo waɗannan 'yan ƙananan masu kamar akwatin ashana, don ba sa shan wuta. Tsarin Linux ne a kansu, kamar na da. To ina matsala? Har kirari ya yi wa kansa ranar da masu gwangwan suka tafi da tsofaffin.

Manhajar kuwa marigayi Efo Mawuli ne ya rubuta ta, ya zuba mata muryarsa, take karanta wa makafi rubutun harshen Ewe. Selorm ya kwafe ta a filashi har uku. Amma dafaffiyar ya kwafa. Asalin rubutun, wanda da shi ake sake haɗa ta wa kowace irin ƙwaƙwalwa, yana cikin tsohuwar kwamfutar lungu. Ya adana tuwo, ya zubar da iri.

Sau nawa Efo yana ce masa, "Kai sarkin gaggawa, zo ka kwashi asalin nan tun ina da rai." Shi kuma kullum sai gobe.

Ya kira abokinsa Edem a Ankara, babban birnin ƙasarsu.

"Ka sa sabuwar ta kwaikwayi tsohuwar mana," in ji Edem.

"Na yi. Saurara."

Muryar ta fito a tsinke, tana ja tana shaƙewa kamar mai magana a cikin ruwa.

"Kashe, don Allah," Edem ya ce. "Masu gwangwan fa?"

"Na je tun da safe. Sun farfasa."

Ƙarfe goma sai ga ƙwanƙwasar sanda a bakin ƙofa. Dada Akpene ce, matar marigayin, makauniya tun ƙuruciya. Kowace Juma'a takan zo da wasiƙar 'yarta, ba don ta rasa mai karanta mata a gida ba, sai don ta ji ta da muryar mijinta.

"Ɗan nan, maigidana ya tashi?" Haka take tsokanarsa kullum.

Kunya ta rufe Selorm. Ya so ya ce wuta aka ɗauke, amma ga fanka na juyawa a kansu.

"Dada, na yi ɓarna. Muryar Efo ba za ta ƙara fitowa daidai ba. Ya ce in adana asalin, ban adana ba."

Ta daɗe tana shafa bakin ambulan.

"Har abada?"

"Har abada, Dada."

Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta lalubo kujerarta ta kullum ta zauna, ta miƙo masa wasiƙar. Ya buɗe, ya fara karantawa.

Bai kai layi na uku ba ta ɗaga hannu.

"A hankali," ta ce. "Shi ba ya sauri."