Ramin da Ya Ba Matarsa a Wata

"Ba inda za ni sai gajimaren nan ya wuce," in ji Mai Tabarau.

Kwashe shanya ne ya kai ni saman benenmu, na tarar da su. Yana zaune a kan kifaffen bokiti, ya jingina da tankin ruwa, numfashinsa na ƙara kamar ana yaga tsohon yadi. 'Yarsa Auta na tsaye a kansa, ko kayan aikinta na jinya ba ta cire ba. A ƙasa kuwa mai tasi sai danna hon yake yi.

"Inna, don Allah ki sa baki," ta ce da ni. "Dubi leɓensa. Mutumin da ko banɗaki sai an riƙe shi, wai shi ne ya rarrafo har nan."

Na duba. Leɓen ya yi toka-toka. Na ajiye kwandon kayan.

Shekara da shekaru ƙofata na kallon tasa, ni da keken ɗinkina, shi da gyaran tabarau. A gefensa ga abin da duk gidan muke kira Igwa: madubin hangen nesa da ya haɗa da hannunsa, da bututun roba da gilasai da ƙafafun katako. Ba ya kallon komai da ita sai wata. A watan ma ba manyan ramuka ne suka dame shi ba. Ya ce waɗannan an riga an raba wa masana sunayensu. Ƙananan yake bi, masu kama da ƙoƙo, waɗanda ba su da sunan kansu sai aron na babban da ke kusa, a liƙa masa harafi ɗaya. Abin yana ci masa rai. Saboda haka duk wanda ya rasu a layinmu sai ya zaɓar masa guda. Maigidana ma ya samu, wani mai karkataccen baki. Da na leƙa na ce wallahi kamar shi, muka yi ta dariya har na ɓuge da kuka.

Auta ce kaɗai ba ta taɓa sa ido a Igwa ba. Tana karatu a nesa mahaifiyarta ta rasu. Da ta dawo ya kai ta maƙabarta, ya yi ta zagaye, sababbin kaburbura sun cika wurin, ya kasa nuna mata kabarin. Tun ranar ba ta sake hawa benen nan ba sai yau.

"Auta, yau ne inuwa take kan ramin mahaifiyarki," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomi. "Gobe haske ya cinye shi. Sai kuma wani watan."

"To mu dawo wani watan."

Ya dube ta. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta fi mu sanin babu wani watan. Ta kau da kai.

"Baba, ka san ramin wata, ba ka san kabarin matarka ba. Me zan yi da rami?"

Na ɗaga kai. Rana ta kusa faɗuwa, rabin wata na can sama a bayan wani gajimare mai kauri, ko motsin kirki ba ya yi. Ban taɓa jin haushin gajimare ba sai ranar.

"Malam," na ce, "taurin kan nan naka ba inda zai kai mu. In gajimaren ya kwana fa?"

"Mu kwana tare, Maƙwabciya."

Hon ya sake tashi, dogo. Auta ta leƙa ta ce ana zuwa, ta dawo ta durƙusa ta kama tsintsiyar hannunsa tana jin bugun jini. Na ga fuskarta ta canza.

"Inna, kama ɗaya gefen. Ko yana so ko ba ya so."

Sai ya juya hannun ya riƙe nata. Ban san inda ya samo ƙarfin ba. Ya buɗe tafinta, ya ɗora yatsa a tsakiya.

"Babban ramin nan mai tudu a ciki. Ki fara daga shi." Ya zana da'ira. "Ki gangaro ta bakinsa na ƙasa. Za ki ga ƙanana a jere."

"Baba, numfashinka..."

"Kamar maɓallan riga, Maƙwabciya, kin ji? Ki tsallake su." Yatsan ya ja zuwa gindin babban yatsanta, ya tsaya. "Nan. Bakinsa kaifi, bai tsufa ba. Cikinsa baƙi ƙirin. Nan na ajiye ta."

Tari ya sarƙe shi, kansa ya langaɓe a kafaɗarta. Ba mu ƙara tambayarsa ba. Na ƙwala wa mai tasi kira, ya hawo a guje yana mita. Muka sauko da shi a matattakalar nan mai ƙunci, mai tasi ya riƙe kafaɗu, mu muna riƙe da ƙafafu, takalminsa ɗaya ya faɗi ba wanda ya tsaya ɗauka. Muna tura shi cikin mota na ga haske ya sauka a kan gilashin baya. Gajimaren ya wuce. Ban faɗa wa kowa ba, na ja ƙofar na rufe.

Da hantsi washegari ya cika, a asibitin da Auta take aiki, a hannunta. Allah ya jiƙansa.

Bayan baƙi sun watse, wata rana da magariba na ji ana jan ƙafafun katako a sama. Na hau. Auta ce, ta kafa Igwa, cikakken wata ya fito jajir a kan rufin maƙwabta. Ta ɗago, idonta ɗaya na zubar da ruwa saboda haske, ɗayan kuma saboda kuka.

"Babu komai, Inna. Fari ne fat. Babu babba, babu ƙarami. Nan ma ya ɓatar da ita."

"Ke dai kin gaji gaggawar uwarki," na ce. "In wata ya cika ba a ganin rami. Sai rana ta bugo shi ta gefe, inuwa ta kwanta a ciki. Ba ki ji ya ce sai wani watan ba?"

"In kuma mun manta hanyar fa? Ni ban ji abin da yake cewa ba. Bugun zuciyarsa nake ƙirgawa."

Gaskiya ni ma tsoron da nake ji ke nan. Maganar na riƙe, amma wane babba? Masu tudu a ciki ba ɗaya ba ne. Kwanakin nan ko ɗinkin kirki ban yi ba. Na sa wa wata mata hannun riga a baibai, ta zo ta wanke ni tas.

Da wata ya sake kai rabi muka hau tun rana ba ta faɗi ba. Sama tas. Na saita Igwa yadda na sha ganin yana yi, watan ya yi ta sulluɓe mini. Da na kama shi na bi layin da haske ya haɗu da duhu. Manya masu tudu har biyu, kusa da juna. Na bi ƙasan na farko, ba maɓallai. Na bi na biyu, na ga wasu a warwatse.

"Ban gane ba, Auta."

Ta buɗe tafin hannunta tana kallo. Ta ɗora yatsa a tsakiya, ta zana da'ira, ta ja shi a hankali.

"Ba miƙe ya gangara ba," ta ce. "Ya karkata wajen babban yatsa. Matsa, Inna."

Ta sunkuya ta sa ido. Na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ga maɓallan."

"Kin gan shi?"

"Ƙarami ne," ta ce. "Bakinsa na walƙiya. Inna, akwai wani manne da shi, bangonsu ɗaya. Na wane ne?"

Na san na mai gadi, na san na tsohuwar ɗakin ƙasa, na san na maigidana. Wannan ban taɓa jin ya ambata ba.

"Bai ba kowa ba," na ce. "Sai dai in kansa ya bar wa."

Ba ta ɗago ba. Ta laluba da ƙafa ta jawo kifaffen bokitin ta zauna, idonta na jikin Igwa, tafin hannunta a buɗe a kan gwiwa. Na juya na shiga kwashe shanyata, ina cire maƙalan a hankali don kada igiyar ta girgiza.