Kujerar Ƙarshe a Motar Dharan

Prabin ya janye wayar daga kunnensa, amma duk ofishin na jin ihun mai motocin daga tasha.

"Mutum tara! Mutum tara a motar Dharan, manhajarku ta ce ta cika! Jibi fa bikin Dashain! Ku gyara kafin rana ta raba, ko in kwashe motocina."

Prabin ne ya rubuta sashen kujeru na manhajar sayar da tikitin, kuma wata biyu ke nan da ɗaukarsa aiki. Shi kansa jiya ya nemi tikitin Dharan, garinsu, ya rasa, har ya gaya wa mahaifiyarsa bana sai dai ta sa masa albarkar bikin ta waya.

Samjhana, shugabar sashensu, wadda suke kira Didi, wato Yaya, ta jawo kujera, kofin shayi a hannunta.

"Matsa, Bhai, ƙanena. Kana ta zare ido kamar akuyar da za a yanka gobe. Yaya kake gane mota ta cika?"

"Tsawon jerin kujerun nake dubawa, Didi. In ya kai talatin da biyar, shi ke nan."

"Buɗe min motar nan. Wa ke kujerar ƙarshe?"

Iyali guda ne, mutum biyar, sun kame layin baya.

Ta yi dariya. "Ka gani? Da an zauna a lamba talatin da biyar, jerin zai miƙe har can, tsakiyarsa ramuka. Tsawo bai san rami ba."

"Amma wata biyu yana aiki lafiya!"

"Wa ke son baya a hanyar duwatsun nan? Daga gaba ake cikowa. Sai lokacin biki, masu yara ke rububin layin baya don su zauna tare. Bi jerin, ka ƙirga gurbin da ke da mutum kawai."

Layi uku na gyara ya rubuta. Bai taɓa ganin wanda ya karanta halin fasinja a cikin lambobi haka ba. Ta duba, ta ɗan taɓa wayarta, sannan ta ce, "Saki gyaran."

Kujeru suka buɗe, jama'a suka yi musu caa. Mai motocin ya bugo yana kiransa ɗan albarka.

Sai a lokacin Prabin ya tuna da kansa. Ya duba motar Dharan. Ta cika, cikar gaske.

Samjhana ta turo masa wayarta. Ashe kujeru na buɗewa ta kama masa tikiti: lamba goma sha biyu, da sunansa.

"Kira Ama, mahaifiyarka," ta ce. "Ka taho min da tsaraba."