Guggurun Tarbar Dogo

Murfin tukunyar ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, gugguru ya shiga fallatsa ko'ina a kicin, wani kan kantar girki, wani cikin kwanon wanke-wanke. Tela tana kan keken ɗinkinta a gidan da ke jikin na Baba Direba ta ji ƙarar, sai ga ƙauri ya biyo ta taga. Ta bar rigar da take ɗinkawa a ƙarƙashin allura ta fito da gudu.

Ta tarar da Baba Direba tsaye cikin hayaƙi, ludayi a hannu, yana kare fuska da gwiwar hannunsa. Ta kashe risho, ta sauke tukunyar, ta tura taga.

"Baba, gidan za ka ƙona mana?"

"Masarar ce ba ta da tarbiyya," ya ce, yana tari. "Na ce ta jira, ta ƙi."

Ta so ta yi dariya, amma tarin bai tsaya ba. Ya dafa bango, ƙirjinsa yana hawa yana sauka kamar wanda ya turo mota. Ta jawo masa kujera. Da ya zauna ta ga ƙafafunsa: sun kumbura har silifas ɗin sun nutse cikin naman.

Tun tana amarya ta san shi. Shekaru ya yi yana jan babbar motar haya, har idonsa ya fara gajiya ya ajiye. Matarsa ta rasu tuntuni, ta bar masa ɗa guda, wanda kowa a layin ke kira Dogo. Dogo ya yi faɗa a tasha, ya ji wa wani mummunan rauni, ya gudo gida ya ɓuya. Uban da kansa ya kama hannunsa ya kai shi wurin 'yan sanda. Tun daga ranar, duk zuwan da tsohon ya yi gidan yari, Dogo bai taɓa yarda ya fito sun ga juna ba. Gobe za a sake shi.

"Me kake son haɗawa?" Tela ta tambaya, tana share guggurun da ya zube.

Ya nuna mata leda a kan kantar girkin. Madarar gari, bota, sukari, fulawa, 'yar kwalbar filebo, da ƙullin sukarin ado mai launi-launi.

"Kek ɗin Dogo," ya ce. "Yana ƙarami ya je bikin haihuwar wani yaro, ya dawo yana kuka sai an yi masa kek. Ba mu da abin gashi. Uwarsa ta soya gugguru, ta lulluɓe shi da kayan kek, ta ce ga irin nasu nan. Ya yarda kuwa! Har ya yi gemu, duk wani abin murna shi yake nema. Ni dai ci na iya. Ke kin taɓa taya ta."

Tela ta tuna. Ta wanke wata tukunya, ta zuba mai kaɗan, ta watsa masara daidai shimfiɗar gindin tukunyar, ta rufe ta danne murfin da tsumma tana girgizawa. Da fashewar ta lafa ta juye a babbar roba, ta miƙa masa.

"Aikinka ke nan. Tsince waɗanda ba su fashe ba, kar ka karya wa yaro haƙori ranar fitowarsa."

Ya ɗora robar a cinya yana tsince su a hankali. Ita kuma ta soya fulawa a busasshen kasko har ta daina warin ɗanye, ta narka bota da sukari, ta zuba madarar da fulawar tana juyawa, ta ɗiga filebo. Ƙamshin ya kori ƙaurin daga ɗakin. Tsohon ya rufe ido.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne."

"Baba, idan mun gama, maigidana zai kai ka asibiti."

"Jibi."

"Yau. Ka ji numfashinka kuwa?"

"Idan na je za su kwantar da ni. Yaron ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya ce dama na faɗa, ba a son ganina." Ya jefa ƙwayar masara a kofi. "Na taɓa rufe shi, 'yar nan. Ba zan bari ya ga wata ƙofar a rufe ba."

"Sai in zauna in jira shi, in kawo maka shi har gadon."

"Ba ɗaya ba ne."

Ta yi ta fama da shi, ta lallaba, ta yi faɗa, har ta ce za ta ajiye ludayin ta tafi. Ya ce ta tafi, zai ƙarasa, in gidan ya ƙone sai su ƙone tare tunda bangonsu ɗaya. Haka ta haƙura, ranta a jagule. Ta tsiyaya haɗin a kan guggurun, ya karɓi muciya ya ce juyi nasa ne. Gumi na tsattsafo masa, amma bai saki ba sai da kowace ƙwaya ta yi fari. Suka baza a manyan tire biyu. Ya ɗebi sukarin ado da yatsu yana yayyafawa, ja da kore da rawaya, yana cika wani gefe yana barin wani.

"Kana ganin zai zo?" Ba ta san lokacin da tambayar ta fita ba.

Bai ɗago ba. "Ban sani ba. Mu dai mun yi."

Washegari da hantsi mijinta, Bakanike, ya ɗauki motar gareji ya tafi ƙofar gidan yarin. Tela ta shiga da shayi ta tarar tsohon ya yi wanka, ya saka farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya ja kujera tsakiyar falo tana kallon ƙofa. Maɓallin wuya ya gagare shi. Leɓɓansa sun yi wani duhu da bai yi mata daɗi ba.

"Ya bushe?" ya tambaya.

Ta leƙa kicin ta ɓallo ɗan guntu. Ya yi ƙaras-ƙaras. Ta sa masa a tafin hannu, ya riƙe bai ci ba.

Waya ta yi ƙara. Muryar Bakanike ƙasa-ƙasa.

"Ya fito. Amma ya ƙi shiga mota. Ya ce wurin wani abokinsa zai wuce."

Tela ta fita tsakar gida don kar tsohon ya ji. "Ba shi wayar."

Sai ta ji wata murya da ta yi kauri fiye da yadda ta san ta. "Yaya, ina kwana."

"Dogo, shiga motar nan."

"Yaya, ki bar maganar. Ba yau ba. Ina buƙatar in huta, in…"

"Babanka ba zai kai wani yau ɗin ba. Jiya ya kamata a ce yana asibiti, ya ƙi saboda kai. In kana da faɗa, zo ka yi masa a gabansa. Ni na gama."

Ta ji hucinsa a wayar. Can ta ji an buɗe ƙofar mota an rufe.

Da ta koma, kan tsohon ya jingina da bayan kujera, numfashin yana fita da wata 'yar ƙara. Ta ƙwalla wa matar da ke gidan gaba kira ta tare musu tasi, ta dawo ta durƙusa ta kama hannunsa.

"Yana zuwa?"

"Yana hanya, Baba. Yana cikin mota."

"Da kansa ya shiga?"

Ta ƙara riƙe hannunsa. "Da ƙafarsa."

Ya gyaɗa kai. "Bakanike ba ya gudu," ya ce, kamar mai ƙorafi. "Da ni ne..."

Bai ƙarasa ba. Ta kama kalmar shahada tana maimaita masa, leɓɓansa suna bin ta, har suka tsaya. Mai tasi yana ta hon a waje. Tela ta daɗe a durƙushe kafin ta iya tashi ta ce masa ya tafi.

Kafin motar gareji ta shigo layin, maza sun fara fito da benci ƙofar gida. Dogo ya gan su tun daga kwana. Ya fito, ya rame, an aske masa kai tas, wata baƙar leda a hannunsa. Mutane suka dare masa hanya. Ba wanda ya san gaisuwar da zai fara yi masa, ta barka ko ta haƙuri.

An kwantar da tsohon a ɗaki an lulluɓe shi. Dogo ya shiga shi kaɗai. Tela ta tsaya a falo, ba ta ji kuka ba, sai magana ƙasa-ƙasa mai tsawo, wadda ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Da ya fito ya bi ƙamshi ya tsaya a bakin kicin, yana kallon tiren nan biyu.

"Wa ya yi?"

"Ni na dafa haɗin. Shi ya tsince, shi ya juya."

"Ya ce wani abu?"

"Ya tambaya ko da kanka ka shiga motar."

"Me kika ce masa?"

"Na ce da ƙafarka."

Ya dube ta, idonsa ya kaɗa ja. Ta miƙa hannu za ta karɓi ledar, ya ƙara ƙanƙame ta, kamar bai san yana riƙe da ita ba. Daga waje Bakanike ya leƙo ya ce ana jiransa, akwai abubuwan da sai da ɗa za a yanke. Dogo ya ce yana zuwa, amma bai motsa ba.

Ya sulale ya zauna a dokin ƙofar kicin, ledar a kan gwiwarsa. Tela ta tsaya bayansa. A ƙasa, jikin bango, tururuwa sun ja layi, ɗaya ta ɗauko ƙwayar jan sukari da ta fi ta girma, tana tafiya tana tangaɗi. Dogo ya janye ƙafarsa ya ba ta hanya.