Lemon da Ba Ya Kan Zane

A sana'armu akwai dokar da kowa ya haddace: abin da ba ya kan zane, babu shi a duniya. Ni na fi kowa yawan faɗinta. Na faɗa wa 'yan kwangila, na faɗa wa masu haƙa rami, har maigidana na taɓa faɗa wa ranar da ya ce shi ma yana da ra'ayi game da inda za a dasa furanni a tsakar gidanmu. Aikina tsara filaye ne. Ni ke cewa ga inda hanya za ta bi, ga inda ruwan sama zai gangara, ga inda za a dasa itace don mutum ya samu inuwa.

Aka ba ni filin da ke tsakiyar wani sansanin 'yan gudun hijira. Da damina taɓo ne har idon sawu, da rani kuwa ko akuya ba ta tsayawa a wurin don zafi. Mutum dubu tara ne ke kewaye da shi, cikin ɗakunan kwano da leda. Aka ce in fitar da magudanar ruwa, da hanyoyin ƙafa, da wurin wasan yara, da itatuwa ɗari da ashirin. Ofishina wata kwantena ce a bakin ƙofa, da fanka ɗaya mai kukan tsohuwar keke.

Ranar da na fita da gwangwanin koren fenti ina yi wa itatuwan da za a bari alama, sai na ji an kama gefen mayafina. Wata tsohuwa ce, gajera, idanunta duka biyu da yana. Kowa a layinsu Iya yake ce mata.

"'Yata, ke ce mai zanen?"

"Ni ce, Iya."

"Zo ki ga ɗana."

Na zaci maras lafiya za ta nuna mini. Sai ta kai ni gefen filin, wurin wani ɗan shinge na karare da yagaggen gidan sauro. A ciki ga wani ɗan lemon tsami, tsayinsa bai wuce ƙuguna ba, kaurinsa kamar babban yatsa. Ta ce ranar da suka gudu daga garinsu ta tsinki lemo ɗaya a itacen bayan ɗakin mijinta, ta ƙulle a bakin zane. Mijin bai fito ba. Lemon ya bushe a hanya, ta fasa shi a nan ta samu ƙwaya biyar, ɗaya ce ta tsiro. Shekara biyu tana ba shi ruwan da ta rage daga na alwalarta.

"Ba za ku taɓa mini shi ba ko?"

"Haba Iya! Ko ganye ɗaya ba zai faɗi ba. Ni na faɗa miki."

Na so in shafa masa fenti, amma jikinsa bai kai faɗin buroshin ba, kuma Iya ta ce tana tsoron fentin ya ƙona shi. Na ce ba komai, zan sa shi a zane.

To, ga inda na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Safiyonmu, wato mai awon fili, ba ya rubuta itacen da kaurinsa bai kai wuyan hannu ba. Haka ƙa'ida take, kuma na san da ita. Ni ce ya kamata in buɗe kwamfuta in ɗiga ɗigo ɗaya, aikin da bai kai minti biyu ba. Na ce sai Litinin. Litinin ta zo, masu ba da tallafi suka ce suna son ganin launin kujeru, na yi kwana uku ina zaɓe tsakanin shuɗi da ruwan ƙasa. Ranar Alhamis na buga wa zanen hatimi na miƙa.

Mako biyu bayan haka na iso da hantsi, na tarar katafila ta share gefen nan tas, kamar an lashe kwano. Ba shinge, ba gidan sauro. Na yi kan direban kamar zan cinye shi ɗanye.

"Malam, ba ka da ido ne? Ba ka ga an kewaye wurin ba?"

Ya kashe inji, ya sauko, ya zaro zanen daga aljihunsa ya shimfiɗa a kan taya.

"Hajiya, nuna mini shi a nan. Ba ke kika ce abin da ba ya kan zane babu shi ba?"

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na tambaye shi ina ya tura ƙasar. Ya nuna mini tarin da muke haɗawa don ya zama ɗan tudun wasan yara, an riga an bi ta kansa an daddanne. Na tambayi maƙwabta ina Iya. Suka ce tana asibitin cikin gari, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana shida ke nan. Allah ya yafe mini, abin da na fara ji a raina sauƙi ne.

Ban koma ofis ba, na wuce wurin yayana, wanda ya gaji gidan renon itatuwa daga mahaifinmu. Na ce ya ba ni lemon tsami mai tsayin ƙuguna.

"Ke da ke sayen ɗari-ɗari, yau guda ɗaya? Me kika ɓata, autar Baba?"

"Yaya, ka ba ni kawai."

"Nawa duk masu aure ne fa."

Itace mai aure shi ne wanda aka yanko reshen wani aka ɗaura a kan gindin wani, don ya yi saurin haihuwa. Na ce ba ruwana da aurensa. Da hannuna na haƙa ramin, na samo karare, na sayi gidan sauro na yayyaga shi da kaina. Matan layin suna tsaye suna kallona.

Iya ta dawo ta rame. Ina leƙenta ta tagar kwantena lokacin da ta nufi shingen da butarta. Ta durƙusa, ta shafa itacen tun daga ganye har gindi, ta daɗe a durƙushe. Sannan ta zuba masa ruwa ta tashi. Na ce a raina na sha.

Ashe ban sha ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wata nakan zo duba itatuwan da muka dasa, kuma duk zuwa sai Iya ta aiko a kira ni. "'Yata mai alkawari," haka take ce mini a gaban mutane, ni kuwa sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na kawo mata taki, na kawo mata sabuwar buta, na sa aka kafa kujera kusa da wurin. Komai na kawo sai ta yi godiya ta karɓa. Sau uku ina shirya maganar a mota, in na iso sai in tsinci kaina ina tambayarta ciwon gwiwa.

Aikin kuwa ya yi kyau, ba yabon kai ba. Ruwa ya daina kwanciya. Aka ɗauki hotuna aka buga a rahoto, har da na Iya zaune kusa da lemonta, an rubuta a ƙasa cewa mun kiyaye abin da mazauna suka shuka. Ni na duba rahoton kafin a buga, kuma ban goge layin ba.

Bayan shekara ɗaya da rabi lemon ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya. Na zo da safe na same ta a kujerar, da guda uku a cinyarta. Ta laluba hannuna ta zuba mini.

"Ungo. Na farko na mai itace ne."

"Ai ke ce mai itace, Iya."

"A'a, 'yata. Nawa daga ƙwaya ya fito, da sauransa kafin ya haihu." Ta ja hannuna ƙasa, ta ɗora yatsana a kan wani ƙulli kusa da gindin. "Kin ji nan? Nan aka ɗaura shi. Shekara talatin mijina yana aurar da itatuwa, ni ke riƙe masa zare. Tun ranar da na dawo na taɓa wurin nan."

Na zauna a ƙasa a gabanta. Na faɗa mata komai, har da launin kujeru. Na ce ba direba ba ne, ba safiyo ba ne, ni ce.

"Me ya sa ba ki yi magana ba, Iya? Kika bar ni ina ta zuwa?"

"Shi wannan me ya yi mini da zan bar shi da ƙishi? Ke kuma jira nake ki gaji." Ta gyara zama. "Kin kawo taki, kin kawo buta. Abu ɗaya nake so, kuma ba mai ba ni sai ke. Mijina ban san inda yake kwance ba. Wannan dai a gaya mini. Ina kuka kai ɗan nawa?"

Na kama hannunta muka bi hanyar da na zana, muka ƙetare magudanar da na zana, har gindin tudun wasan. Ciyawa ta rufe shi, yara suna ta gangarowa a guje suna ihu. Na tsaya ta gefen gabas, inda direban ya nuna mini.

"Nan ne, Iya. A ƙasa, kamar tsayin mutum."

Ta saki hannuna. Ta durƙusa ta shafa ciyawar, sannan ta karkata butar ta juye sauran ruwan a wurin, a hankali, har ya ƙare. Ni ina tsaye a bayanta da lemo uku a hannu.