Ramin Takin Malam Abdulganiyyu

Shekara talatin da ɗaya Malam Abdulganiyyu ya yi yana koya wa mutane haɗa takin gargajiya, amma bai taɓa haɗa ko cikin kwando ɗaya da hannunsa ba. Kada ku yi masa dariya tukuna, aikin ne haka. Malamin gona ne, an ba shi babur da allo da alli, ya zaga ƙasar Haɗeja tun daga Birniwa har Kirikasamma yana zana rami a jikin allo. Manoma kuwa su yi ta gyaɗa kai, suna jiran a zo maganar rabon takin zamani. Da ya ta da babur sai su koma yadda suka saba.

Da ya yi ritaya abin ya tsaya masa a rai. Yana so, ko sau ɗaya kafin ƙarfi ya ƙare, ya nuna wa garin nan cewa ba surutu ya yi ta yi ba. Sai ya nemi fili wajen ƙungiyar 'yan lambu ta bakin kogi. Shugabansu, Kawu Fatihu, ya auna masa fangali goma sha biyu a fadama, ya ce, "Malam, dokarmu ɗaya ce. Filin da bai yi kore ba kafin zafi ya shigo, maƙwabci ake bai wa."

"Kore?" in ji Malam. "Kawu, sai kun kawo baƙi kallo."

Maƙwabcin nasa Umara ne, wani siririn dattijo mai noman albasa, wanda kakanninsa suka taso daga bakin Tafkin Cadi. Sau uku Umara ya taɓa zama a gaban allon Malam, sau biyu a ciki barci ya yi.

A tsakiyar sanyi, lokacin da kowa ke dashe, Malam ya kama haƙa rami. Ya zaɓi kusurwar da ke ƙarƙashin wata giyayya, dab da iyakar Umara, domin littafi ya ce a nemi inuwa. Umara ya ajiye tiyo ya zo ya leƙa.

"Sannu da aiki, Malam. Sai dai nan wurin kwari ne fa. In na kunna inji, ta ƙarƙashin nan ruwa ke bi."

"Malam Umara, taki yana son laima."

"To, ai shi ke nan. Allah ya ba da sa'a."

Wallahi an ga aiki. Malam ya sa aka yanko masa kacala, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa, ya daddatse ta. Ya kwaso buntun shinkafa daga injin casa, da kashin awaki buhu huɗu, da toka. A gida kuwa matarsa Ummussalma ta shiga uku: ɓawon ƙwai, ɓawon dankali, ruɓaɓɓen tumatir, ba ta isa ta zubar da komai ba sai ya duba. Ya jera su hawa-hawa kamar yadda ya sha zanawa, sannan ya soka doguwar sanda a tsakiya. Sandar ita ce alƙali. In an zaro ta da ɗumi, taki ya kama nuna.

Kwana bakwai ya zaro ta. Sanyi ƙalau, sai ruwa ke ɗiga.

Ya ce ɗari ne ya yi yawa. Ya rufe ramin da buhunhuna. Bayan mako guda ya ƙara da tsohuwar tabarma. A mako na uku Ummussalma ta nemi bargonta mai ruwan goro, wanda ƙanwarta ta kawo mata tsaraba daga Makka, ta rasa.

"Malam, ina bargona?"

"Yana lambu. Aro na yi."

"Lambu? Ni ina nan haƙorana na kaɗawa da asuba, ka je ka lulluɓe kashin awaki? Ikon Allah! To shukar fa, yaushe za ka yi ta?"

"Ba zan dasa iri a kan ƙasa mai yunwa ba. Abin da na hana mutane shekara talatin ke nan."

Gaskiyar magana, tsoro ne ya kama shi. Kullum da hantsi in ya zaro sandar nan sai ya ji ta kamar an tsamo daga randa. In ya dasa ba takin, ya ƙaryata kansa a gaban duk 'yan lambu. In ya jira, fili zai tafi. Sai ya zaɓi jira, yana ƙara kashin awaki, yana juyawa da cebur har bayansa ya riƙe. Irin albasar da Umara ya ba shi kyauta ya tsufa a gefe ya yi kara.

Abin da bai lura da shi ba, don idonsa na kan sanda, shi ne inda ruwan ke zuwa. Duk ran da Umara ya yi ban ruwa, sai ramin ya cika ta ƙasa, ya jiƙa kayan nan, sannan ruwan ya tsiyaye ta wani ramin gafiya, baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, ya gangara cikin fangali huɗu na Umara da ke bakin iyaka. Umara ya gani tun makon farko. Ya ma ɗan gyara wa ruwan hanya da bakin fartanya. In an tambaye shi yakan ce ai ya faɗa wa Malam tun ranar haƙa, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Sanyi ya tafi. Ran wata Asabar Kawu Fatihu ya zo zagaye da mutanensa. Suka tsaya a filin Malam: fangali goma sha biyu a share tas, an daidaita su da igiya, ko tsinke babu. Sai wani ya waiwaya ya ce, "Kai! Ku dubi albasar Umara!"

Fangali huɗun nan lawashinsu ya kai gwiwa, kore shar har yana baƙi-baƙi, kawunan sun fasa ƙasa kamar ƙananan ƙwarya. Sauran albasarsa kuwa, wadda ta sha takin zamani, tana nan kamar ta kowa.

"Me ka zuba musu?" in ji Kawu.

Umara ya nuna bakin ramin gafiya da baƙin sawun da ruwa ya bari. Malam Abdulganiyyu ya bi sawun da ido, daga albasa har gindin giyayya. Ya durƙusa ya shafa lawashin. Daɗi ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba a duk shekarun aikinsa, har ya manta abin da ya kawo mutanen.

"Kun gani ko?" ya ce da ƙarfi. "Kun gani? Yana aiki! Shekara talatin ina faɗa muku!"

"Mun gani, Malam," in ji Kawu Fatihu a hankali. "Wallahi mun gani. Umara, daga yau filin nan naka ne."

A wurin mutum biyar suka kewaye Umara suna tambayarsa yadda ake haɗawa. Shi kuwa ya gyara tsayuwa ya fara bayani, hawa-hawa, kacala a ƙasa, toka a sama. Ashe ranar da bai yi barci ba ya ji karatun sarai.

Washegari Ummussalma ta ce ko fili ya tafi, bargonta dai ya dawo. Malam ya tafi ɗaukowa. Ya tarar Umara ya kwana goma da daina ban ruwa, don albasa ta kusa cira, ramin ya tsane. Hannunsa ya kai kan sandar don sabo, ya zaro ta.

Ɗumi. Har wani ɗan tururi ke tashi daga bakin ramin.

Ya daɗe a tsaye riƙe da ita, idonsa ya cika da ƙwalla. Umara ya ƙaraso da buhun albasa a kafaɗa ya dire masa.

"Malam, ga na miya. Sannan ina roƙon arziki. Mutane za su zo ganin ramin nan ranar Laraba, ni kuma juyin ne ban iya ba. In ba damuwa, ka riƙa leƙowa."

Malam ya mayar da sandar wurinta, ya ja bargon ya rufe gefen da iska ta buɗe.

Da ya isa gida Ummussalma ta dubi buhun, ta dubi hannunsa.

"Bargon fa?"

"Sai bayan Laraba," in ji shi. "Yanzu ya fara nuna."