Tankin da Eulogio Ya Ƙara

Motar ta girmi 'yarsu. Tsohuwar bas ce da Eulogio ya mayar gida, da gado da murhu, suna zaune a cikinta a bayan garejin Nicanor, yayan matarsa Herminia, a garin Santiago del Estero. Da 'yar ta haihu can kudu mai tsananin sanyi, ta ce su komo kusa da ita. Eulogio ba zai bar injin waldarsa ba, Herminia ba za ta bar masaƙarta ba. Dole a ja tirela.

Wata uku yana ƙarƙashin motar. Ya ƙara sifirin, ya sake birki, ya cusa ulun tumaki a bango. Ya sa hitar ɗumama mota mai shan dizal, ya ƙera mata wani ƙaton tanki da injin ma zai iya sha daga ciki.

Nicanor ya leƙa ya ce, "Suruki, tanki ne wannan ko rijiya?"

"Kai da ba ka taɓa wuce bakin kasuwa ba, me ka sani? Can sai ka yini ba ka ga gidan mai ba."

Herminia ta miƙa masa mate, shayin ƙasarsu. "Tsoho, tarin nan naka fa, ga sanyi."

"Tsohuwa, sai kin roƙe ni in buɗe miki taga."

Ya cika tankin dam a gida, ya ce ajiya ce. Su mutanen zafi ne. Ba wanda ya taɓa gaya musu dizal ɗin garinsu ba ya jure sanyin kudu.

Rana ta bakwai da kama hanyarsu, da hantsi, a wata hanyar tsakuwa da babu ko bishiya, man ƙaramin tankin motar na asali ya ƙare. Eulogio ya juya famfo zuwa babban. Motar ta ɗan taɓa tafiya, ta yi tari, ta mutu. Hitar ma ta bi ta.

Ya sauka ya kwance matacin mai, ya dawo ya nuna mata a tafin hannunsa. Man ya daskare kamar kitsen miyar jiya.

Ta dafa ruwa a buta, shi kuma ya kwanta cikin ƙanƙara yana zuba wa bututun. Kafin ya kai ƙarshe, farkon ya sake daskarewa. Buta tara ta ƙirga. Iska na jijjiga motar, waya ba ta kama komai.

"Shigo haka nan, don Allah."

"Saura kaɗan."

Da ya shigo, leɓensa ya yi baƙi, ƙirjinsa na ƙara. Ta lulluɓe shi da duk abin da ke motar, ta murza masa ƙafafu. Ta fita ta tsaya a tsakiyar hanya, ta duba gabas ta duba yamma, ta dawo. Ta sake fita. Ba ta san me kuma ake yi ba.

Sai washegari da la'asar wata motar tumaki ta ɓullo. Direban ya taɓa man da yatsa, ya ce, "Mama, a ina kuka sha wannan?" Ta faɗa masa.

Su biyu suka ciccibi Eulogio zuwa gaban motar tumakin, kansa a cinyarta. Tun kafin su hau kwalta ta ji ya yi nauyi, numfashinsa ya ɗauke. Ba ta gaya wa direban ba, ta bar shi yana ta gudu.